Fuskar Mai Gyaran Rediyo

Ban taɓa iya ƙirƙiro fuska daga kaina ba. Tankar yaƙi, bindiga, jirgi yana cin wuta, duk biro na zuba su ba wahala, amma fuska sai na aro. Lokacin ina tsaron shagon yadin yayana a unguwar Amriguébé, ina zana labaran yaƙi da na 'yan leƙen asiri a littafin makaranta, in kai a yi fotokofi, samari su yi ta karantawa hannu da hannu.

Daura da mu akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin Damagaram, mai doguwar fuska da tabo a gira. Kullum kunnensa na manne da akwati yana laluben tasha. Labarina na buƙatar mugu mai kai rahoton mutane ga hukuma, shi kuma ga shi zaune a gabana ko motsi ba ya yi. Sai na zana shi. Har tabon na sa, tsabar iyayi.

Na manta garin da nake. A unguwarmu gidaje da yawa suna da wanda jami'an tsaro suka taɓa sawa a mota bai dawo ba, kuma kowa ya san wani ne ya kai sunansa. Kafin mako biyu mutane sun fara zuwa karɓar rediyonsu ba a gyara ba. In ya iso majalisa sai hira ta koma kan tsadar gero.

Na bi shago shago ina rantsuwa cewa ƙarya ce na shirya. Aka ce, to me ya sa sai shi ka zana? Sai na yi dabarar wawa: na zana kashi na biyu, na mai da shi jarumi, wai ashe ƙasa yake wa aiki a ɓoye. Aka ce, ka gani, magana ta tabbata.

Ranar da yake ɗaure kayansa na je na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana, kalas, ya wuce," ya ce, bai ko ɗago ba. "Shekara ashirin ina nan, ko ƙarar akuya ban taɓa kaiwa ba."

Ya koma Nijar, ban sake jin labarinsa ba. Har yau kunya nake ji, kuma kunyar ba ta amfane shi da komai ba. Bayan shekaru na ji wata mata, baƙuwa a unguwar, tana yi wa mai babur kwatance. Ta ce ya sauke ta a shagon ɗan rahoto.