Ɗorawar Gwaggo ta kori dillali

An fasa, jama'a! Gonar kakanmu ta Kutawa tana nan daram, ba a yanka ta fuloti-fuloti ba. Kuma Gwaggo ce ta yi aikin, tsohuwar da ko waya ba ta riƙewa.

Ina gida hutu Baffa, ƙanen babanmu, ya jajibo wani dillali daga Dutsin-Ma. Gaye ɗan ƙwalisa, takalmi mai tsini, yana tsallake kunyar gona kamar ƙasar za ta cije shi. Wai wani Alhaji ne zai gina wa ɗalibai ɗakunan haya. Ka ji fa, da mu aka fake! Har sun zana taswira, sun bi kusurwoyi sun dasa sumunti.

Abin da gayen bai sani ba, a wajenmu ƙasa daban, icce daban. Tun kakanmu na da rai ya ba Gwaggo ɗorawa biyar ɗin da ke cikin gonar, gaban shaidu. Da kalwarsu take yin daddawa, da daddawar ta riƙe marayunta.

Aka zauna ƙofar mai gari, ni na rako ta.

"Yaya, ki yi haƙuri, gari ne ya iso mu," in ji Baffa.

"Kai dai ya iso. Saida ƙasarka, wa ya riƙe ka? Iccena kuwa, ko reshe."

Dillali ya washe baki. "Hajiya, ai sai a sallame ki a sare."

"Ban je Makka ba, ɗan nan, kar ka laƙa mani. Ka ce wa Alhajinka ya gina. Amma ranar da ɗorawa ta nuna, ni da matan unguwa muna tafe da ƙugiya, ko tsakar ɗakin wa ta faɗo."

Mai gari ya ce haka ne, yana wurin aka yi kyautar. Aka baje taswira. Wayyo cikina! Uku a tsakiyar ɗakuna, ɗaya kan hanyar mota, ɗaya daidai inda suka zana banɗaki.

Gaye ya koma gefe ya kira Alhaji, yana ta "ranka ya daɗe". Bai kai ƙarshe ba aka katse. Ya yi laƙwas, ya hau mashin ko sallama babu.

Bana dawa aka shuka. Baffa har yau ciki-ciki yake amsa gaisuwata, oho dai.

Don Allah ku tura wa 'yan garinku, musamman masu gonar gado a bakin gari. Su je su tambayi tsofaffi iccen wa ne a ciki, tun kafin a kawo masu taswira.