Filin da Baba ya bar wa Hamani

A shekarun fari, lokacin da soji ke mulki, muna haya a ɗaki biyu kusa da kasuwar Wadata. Kakata ta wajen uwa ta dawo wurinmu daga ƙasar Tawa bayan dabbobinta sun ƙare. Da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu, ta tura kara cikin sauran wutar tuwo, mu kewaye ta. Baba kuwa yana bayan zana da rediyonsa. Surukai ne: ba ta kiran sunansa, ba ya haɗa ido da ita.

A lokacin ne Baba ya samu fili a bayan gari, cikin wani kwari mai farin yashi, ga lakar bulo kusa. Ranar Lahadi ya kai mu gani. Kaka ta duƙa ta ɗebi yashin, ta dubi tsakuwar da ke ciki, duk ta goge sumul. Ta zubar, ta kakkaɓe hannunta.

Da yamma ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Matso nan, maigidana mai kunnen ƙashi," ta ce da ni. "Ta yau ba ta dariya ba ce."

Wai ruwa ne ya yi tafiya shekara bakwai, ya bar shimfiɗarsa. Wani baƙo ya zo ya ga wuri mai laushi, ya fara gini. Kwaɗo ya leƙo daga rami ya ce, "Bawan Allah, mai wurin nan bai mutu ba, tafiya ya yi." Baƙo ya dubi sama, ba ko ɗigon girgije, ya ce in ya ga hadari zai tashi. Amma ranar da ruwa ya dawo, rana tsaka ce, sama wasai. A wata ƙasa can nesa aka yi ruwan, ya biyo hanyarsa da ƙafa. Ya ce, "Ban zo faɗa ba, kwanciya na zo yi." Ya kwanta a kan gidan da duk wanda ke ciki.

"Kaka, me ya hana kwaɗon sake gaya masa?" na tambaya.

"Sau nawa ake gaya wa mai gida magana a gidansa?"

Sai a lokacin na lura an kashe rediyon bayan zana.

Baba bai yi ginin ba. Ya bar wa abokinsa Hamani filin, wani tela Bazabarme da ke ɗinki a kasuwa. Da Hamani ya tambayi dalili, Baba ya ce wurin ya yi masa nisa da aiki. Hamani ya gina ɗaki uku. Mukan je can wasa da 'yarsa Fati, sa'ata.

Bayan wasu shekaru damina ta dawo da ƙarfinta. Wata la'asar aka zuba ruwa a arewa da gari, mu a Wadata ko yayyafi ba mu gani ba. Kwarin ya cika kafin mutane su gama fitar da tabarmi. Gidaje da yawa sun narke, aka kwashe mutanen unguwar zuwa azuzuwan lakwal, wato makarantar boko. Matar Hamani ta tsira a kan bishiya. Fati sai bayan kwana biyu aka samu gawarta, can wajen gulbi.

Da Baba ya tsufa na tambaye shi abin da ya hana shi gaya wa Hamani gaskiyar dalilin barin filin. Sai ya ce:

"Da wane baki zan ce wa namiji tatsuniyar surukata ce ta kore ni?"

Na daɗe ina ɗora masa laifi. Kaka ta samu hanyar da ta kewaye kunya, shi bai samu ba. Amma ni ba surukin kowa ba ne, ba abin da ya ɗaure mini baki. Na san tatsuniyar daga farko har ƙarshe, na ba yaran lakwal ita sun yi dariyar kwaɗo. Fati kaɗai ban taɓa ba wa ba.