Hular Malam Ƙasimu a Kujerar Baya

Malam Ƙasimu direba yana da shekara hamsin da huɗu, goma sha ɗaya daga ciki ya yi su ne yana tuƙa iyalin Alhaji Mu'azu, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Tarauni. Daga wani ƙauye kusa da Rano ya zo Kano. Ɗaki biyu yake haya a Gyadi-Gyadi, kullum da safe a keke yake zuwa aiki. Duk yankin shi kaɗai ne dattijon da ake gani yana tuƙi kai ba hula.

Abin ya faro ne a bazarar 1975. Wata Asabar aka yi suna a Unguwar Gano, ya kwashi matan gidan a fijo mai dogon baya. Mata shida ne, kowace da kwanon waina a cinya, ga kuma tagwayen Hajiya Zainab, matar Alhaji, wato Hassana da Husaina, da ba su cika shekara uku ba. A hanya barci ya kwashe Husaina, aka kwantar da ita a kujerar can baya, aka lulluɓa mata gyale.

A gidan suna yaro ba ya zama a hannun uwarsa. Wannan ta ɗauka, waccan ta goya. Zainab ta ga an shige da yarinya ɗaya, can ta sake hango yarinya a bayan wata, kaya iri ɗaya, sai hankalinta ya kwanta. Ashe Hassana ta gani sau biyu. Shi kuwa Malam Ƙasimu ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi saboda yaran unguwa masu taɓe-taɓe, ya tafi sallar Azahar.

"Ina idarwa na ji mata na salati," in ji shi. "Makulli na hannuna, na ruga wajen motar."

Ya ciro Husaina jiƙe da gumi, jiki ya saki, ko kuka ba ta iya yi. Ya sheƙa mata ruwan buta, suka nufi asibiti. Kwana biyu ta yi can, ta tashi.

Alhaji bai kore shi ba. Zainab ma ba ta faɗa masa baƙar magana ba. Ta daina dai sa 'ya'yanta a motar, tasi suke hawa. Malam Ƙasimu ya ce wannan ya fi masa zafi, domin shi ya ɗauko tagwayen daga asibiti ranar da aka haife su.

Tun daga lokacin, duk yaron da ya shiga motar, ko na maƙwabta ne, sai Malam Ƙasimu ya cire hularsa ya ajiye a kujerar baya.

"Zan iya manta komai," ya ce, "amma ba zan shiga mutane kai a buɗe ba. Dole in buɗe baya."

Direbobi sun sha tsokanarsa. Lawan mai tasi yakan leƙo ta taga ya ce, "Baba, sanƙon ne ake shanyawa?"

"Shi ne," yake amsawa. "Kai da ke da suma, jiya ina ka bar makullinka?"

Shekara uku Zainab na ganin wannan daga ƙofar gida. Ranar Litinin da ta wuce aka sa tagwayen a firamare. Ita da kanta ta fito da su, ta tsaya a gefen motar.

"Baba Ƙasimu, ga 'ya'yanka nan," ta ce.

Ya buɗe musu ƙofar baya suka shiga, shi ma ya shiga gaba. Ya cire hular, ya miƙa baya, Husaina ta karɓa ta ɗora a cinya. A bakin makaranta ya buɗe ƙofar baya, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin kujera. Sannan ya karɓi hularsa ya sa, ya riƙe hannayensu har ƙofar aji.