Ƙadri da Akushin Masu Wuri

A shekarun da gyaɗa ke da daraja a Tasawa, babu direban kamiyo, babbar motar kaya, da zai sauka a garin bai tambayi inda Ƙadri yake ba. Ba wani muƙami gare shi ba. Mai ɗinkin bakin buhu ne a filin da ake tara gyaɗa, daga shi sai basillarsa da zaren rama a wuya. Abin da Allah ya ba shi harshe ne. Ya ɗanɗana miya sau ɗaya, ya gaya maka daddawar ta kalwa ce ko ta batso, ya gaya maka ko mai girkin ranta a ɓace yake sa'ad da take kaɗawa. Ga shi siriri kamar karan dawa, har abokan aiki na cewa ba su san inda tuwon ke tafiya ba.

Matarsa Zalika ma miya ce ta haɗa su. Ya ci tuwon suna a gidansu a Mayahi, ya nace sai an gaya masa wadda ta yi miyar yakuwar, kafin kaka ta zagayo an ɗaura aure. Ba ta taɓa jin haushin yawon cin da yake yi da rana ba. Ta san duk inda ya je, da yamma gabanta zai zauna, ya kai lomar farko, ya lumshe ido, ya lissafa mata abin da ta zuba a tukunya. Ita ce hirarsu, kuma ta ishe su.

Bayan samun 'yancin kai cinikin gyaɗa ya jawo mutanen ƙauye, aka sare dajin da ke bakin gari aka kafa sabuwar unguwa, rabi bukkoki rabi ginin laka. 'Yan cikin gari suna yi mata kallon banza, ba su san can girki ya koma ba. Kowace mace ta zo da hannun ƙauyensu. In an tashi hutun rana sai Ƙadri ya soke basilla a hula, ya bi lungu-lungu da hanci a sama. Shi ya gano mai dambun zogale a bayan rijiya, da Bafilatanar da ba ta yi wa nononta ruwa, da wata mai ɗanwake da ba ta da ko inuwar da za a zauna. Inda ya nuna, nan direbobi ke cika washegari.

Gidan ƙarshe, wanda daga shi sai gonaki, na Halimatu ne, wata tsohuwa daga wajen Urafane da mijinta ya rasu. Tuwon gero da miyar kuka take sayarwa, abin da kowane gida ke yi, amma ranar da Ƙadri ya fara ci bai iya lissafa komai ba. A ƙofar gidan akwai kututturen wata tsamiya da masu saran daji suka kayar. Ya lura kaji ba sa kiwo kusa da shi, ƙuda ma ba ya sauka, sai dai mai jin yunwa ba ya tsayawa tunanin kaji.

Wata rana aiki ya riƙe shi, bai iso ba sai bayan azahar. Masu ci sun watse, tukwane a kife, tsohuwar ta shiga ciki tana salla. Sai ya hangi baƙin akushi a kan kututturen, an rufe da faifai. Masu sayar da abinci sukan ajiye wa na kullum rabonsa, don haka har ransa ya yi sanyi da tsohuwar ta tuna da shi. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya zauna ya cinye tas. Tuwon da zafinsa kamar yanzu aka kwashe, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Yana suɗe yatsu Halimatu ta fito. Ta dubi akushin, ta dube shi, carbinta ya tsaya a hannu.

"Ɗana, mi kac ci?"

"Wanda kinka aje mani, Inna."

"Ba naka ba ne. Na masu wurin ne."

Ta zauna a ƙasa ta yi masa bayani a hankali, ba faɗa. Tun da aka kayar da tsamiyar, waɗanda ke cikinta ba su da wurin zuwa, suna nan a kututturen. Malmalar farko tasu ce kullum. Da yamma takan tarar da tuwon yadda ta ajiye shi, ko gutsira ba a yi ba, amma in ka kai baki kamar kana tauna tsumma, akuya ma shinshinawa take ta wuce. Ba sa cin tuwo, daɗin kawai suke zarewa. Ƙadri ɗan gari ne, mai sallarsa a kan lokaci, sai ya yi dariya ya ba ta haƙuri, ya koma bakin aiki.

Da yamma Zalika ta ajiye masa miyar yakuwa. Ya kai lomar farko, ya ji zafi, ya ji laushi, shi ke nan. Babu tsami, babu gishiri, babu yaji. Ya haɗiye, sai ya ji wani ya haɗiye a bayansa, can kusa da kunnensa, da ɗan nishin jin daɗi. Ya waiwaya, bango ne kawai. Zalika ta zuba masa ido tana jira. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Mutumin da ya auro mace saboda miyarta, da wane baki zai ce mata ba ya jin komai? Sai ya lumshe ido ya lissafa abin da ya san ta saba zubawa, ta yi murmushi ta ƙara masa miya.

Washegari ya garzaya gidan Halimatu. Ya iske akuya a kan kututturen tana lasar akushin, kaji na tsattsage a gindinsa.

"Sun tashi daga nan," in ji tsohuwar. "Sun samu baki mai yawo, mi za su zauna yi bisa kututture? Kai ke tauna, su ke jin daɗin."

Ya tambaye ta magani, ta ce ita ciyarwa ta sani, ba ta san kora ba.

Ƙadri ya sha rubutu har ya gaji. Ya je Mayahi a ɓoye wurin 'yan bori masu girka, aka yi masa turare aka kaɗa masa goge, ya dawo yadda ya tafi. Abin haushin shi ne, sunansa sai ƙara tashi yake. A da hancinsa yake bi, yanzu ƙafafunsa ke jan sa. Rana na take tsaka sai ya ji an juya shi, ya bi lungun da bai taɓa shiga ba, ya tsaya ƙofar gidan da ranar aka fara ɗora tukunyar sayarwa. Bai taɓa kuskure ba. Direbobi na ci suna sa masa albarka, shi yana gefensu yana tauna abin da bai fi ƙaiƙayi ba a bakinsa, yana jin ana haɗiyewa a bayansa. Ya yi ƙiba, ya yi kumatu, mutane na cewa a ƙarshe tuwon ya sami wurin zama. Fara'arsa ce ta tafi, ba wanda ya kula.

A gida kuwa kullum da yamma sai ya lumshe ido ya yi lissafinsa. Zalika ta rage murmushi, amma ba ta taɓa cewa uffan ba, shi kuma ya ɗauka girma ne ya zo mata.

Haka aka yi ta tafiya har fari ya zo, gyaɗa ta mutu, kamiyoyi suka daina tsayawa. Halimatu ta koma Urafane ta rasu can. Ƙadri ya koma facin buhunan gero a kasuwa, furfura ta cika masa kai, baƙinsa na nan tare da shi, ko a shekarar da aka ci dusa.

Wata damina ya kwanta ciwo, jikin ya zube. Wata safiya ya farka ya ji kansa sakayau, ɗakin shiru irin wanda ya manta da shi. Da hantsi Zalika ta kawo masa ɗan tuwo mai ruwa-ruwa da miya, ta tallafe shi ya zauna. Ya kai loma, ya haɗiye, ya saurara. Ba wanda ya haɗiye a bayansa. Sai ga ɗacin hayaƙi a harshensa, ga gardin gero, ga yauƙin kuka. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Zalika, miyag ga babu gishiri."

Ludayin ya faɗi daga hannunta.

"Malam, tun shekarar da anka haifi Shatu ban ƙara sa gishiri a kwanonka ba. Jira nike ka hwaɗa."

Shatu autarsu ce, a lokacin tana goyon ɗanta na biyu. Ƙadri ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin miyar. Duk yamman da ya lumshe ido ya yabi gishirinta, ashe tana zaune tana kallonsa, ta san ƙarya yake, ba ta san dalili ba, kuma ba ta tona shi ba. Ya ba ta labarin akushin daga farko. Ta saurara, ta share ido da bakin zane, ta tashi da sauri kamar yarinya ta ce bari ta ɗora sabuwar tukunya, yau yakuwa za ta yi.

Bai gaya mata abin da ya gane ba. Baƙin da suka zauna da shi cikin fari da yunwa ba za su tashi haka kawai ba, sai sun ga gidan ya kusa faɗuwa. Ya jingina da bango yana sauraren ƙarar turminta, yana roƙon Allah miyar ta riga ajalinsa nuna.

Ta nuna. Ya ci, ya lumshe ido, ya lissafa mata komai daidai, har da 'yar kanwar da ta yi yawa. Kafin gero ya fitar da kai a wannan daminar aka kai shi makwancinsa.