Jar Mota Mai Garma

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Karmo, mu biyar muke wani wasan yaƙi a waya duk Lahadi bayan la'asar. Kowa zai haɗa motar yaƙinsa yadda ya so, ya zaɓi taya da bindiga da fenti, sai a gwara mu da wasu biyar, muna jin muryar juna. Ni saboda tsoro ƙarfe na jibga wa tawa har ba ta iya gudu, kullum ni ne a baya ina ihun "ku jira ni!"

A cikinmu akwai abokina ɗan Jiwa, da ya dawo daga coci zai shigo. Motarsa ja ce, ya maƙala mata wani faffaɗan ƙarfe a gaba yana kiransa garma. Wai ɗan manomi ko a fagen yaƙi sai ya yi huɗa.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Muka je Jiwa aka binne shi, muka daina wasan.

Bayan wata guda muka ce bari mu gwada mu huɗu. Muna shiga sai ga jar mota mai garma a gefena. Wallahi sai da na ajiye wayar na miƙe tsaye. Na duba sunan, nasa ne. Motar ba ta gaba ba ta baya, juyi kawai take a wuri ɗaya, bindigar na kallon sama. Na karanto duk addu'ar da na iya. Wani a cikinmu ya ce ƙila matsalar netwok ce. Na ce yaushe netwok ya fara tayar da mamaci?

Lahadi ta biyu haka, ta uku ma haka. Muka yanke cewa sace wayarsa aka yi, gara mu kai ƙara a rufe akawun ɗin, motar ta ɓace gaba ɗaya. Ni sarkin gaggawa na buɗe murya na ce, "Kai ɓarawo, wayar mamaci? Ba ka tsoron Allah?"

Can sai muryar tsohuwa: "Yarana, ni ne, mamansa. Ban sani tuƙi ba."

Kunya ta rufe ni. Yayarsa ce ta karɓi wayar ta yi mana bayani. Ashe duk Lahadi Mama na tsakar gida tana ɓare gyaɗa tana jin hayaniyarmu daga ɗakinsa. Da gidan ya yi mata shiru, sai ta sa aka buɗe mata wasan.

Mama ta sake karɓa ta ce, "Ku yi faɗanku kamar kullum. Wannan mai cewa ku jira ni, yana nan?"

"Ina nan, Mama," na ce. "Ni ne na zage ki."

"To, ka yi ihu ɗin."

Daga ranar, motoci huɗu muke kewaye jar motar muna kare ta. Har kaka ta wuce ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Abokan karawa har tambaya suke wace sabuwar dabara ce wannan, mu kanmu ba mu sani ba.

Daga baya Mama ta koma wajen 'yarta a Gwagwalada, motar ta daina fitowa. Har yau ban gane wa ya yi wa wani ta'aziyya ba, mu ko ita. Motata dai yanzu tana gudu, na rage mata ƙarfe. Amma duk Lahadi in an fara, ko ni ne a gaba, sai na ɗaga murya na ce ku jira ni.