Layin Hajara a Cikin Toka

Kakata Inna Kulu ba ta yarda da gyaɗa kai ba. A gidanmu na Abare, da an idar da magariba sai mu kewaye murhu don jin tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan, ku matso kar ta huce." In ta ƙare kuma babu tashi. Sai ta baje toka mai sanyi, ta zana da'ira ga kowane mai suna a tatsuniyar, ta miƙo mana kara.

Wadda ta fi so ita ce ta akuyar da ta shanye ruwan maƙeri. Maƙeri ya rasa na kashe ƙarfe, fartanya ba ta samu ba, manomi bai nome wake ba, babu harawa. Rani ya zo, akuya ta mutu da yunwa.

"To, mi ya kashe ta? Ku ja mani layi, ban son baki."

Ni, wallahi, kullum daga akuya sai in tsallake zuwa manomi. Ta ce, "Kai dai kanka kwando ne!" Ƙanwata Hajara kuwa, 'yar mitsitsiya, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya har layinta ya zagayo kan akuya.

Shekarar da aka fara niƙa dutsen zinare a tsakar gidanmu, layin Hajara ya soma gajarta. Ya riƙa tsayawa a maƙeri. Wata rana ta riƙe karan, ta zura wa tokar ido kawai. Inna Kulu ta maimaita tatsuniyar sau uku, ta tofa mata addu'a, ta ce wa Baba, "Wani abu na cin kan ɗiyar ga." Baba ya ce ƙiwa ce. Lokacin ba mu san dutsen na ɗauke da gubar dalma ba, alhali ƙurarta na cikin tuwonmu.

Yau malami ne ni. Ɗalibaina kan zana da'irori su haɗa su da layi, kwamfuta ta tace tarin takardun, ta nuna mini daidai inda fahimtar kowa ta yanke. Abokan aiki na ta murna. Ni tausayi ke kama ni, domin Inna Kulu ta ga wannan da kara, kuma ganin bai gyara komai ba.

Da na je gida bara, na ba Hajara takarda da biro. Ta zana akuya, ta ja layi ya kai maƙeri. Sannan ta ɗago.

"Yaya, daga nan ina ake zuwa?"