Wace Innar?

Dangin mijina suna taron zumunci duk shekara a ƙauyen kakansu, can bayan Gwiwa, kuma ba sa yinsa sai tsakiyar damina, lokacin hutun makaranta. Na sha tambayar kaina wane mai dabara ne ya zaɓi watan da hanya take komawa kunu, amma matar gida ba ta da ta cewa a irin wannan, nata ta ɗinka anko ta soya nama. A shekarar da nake magana a kai, 'yata ta fari tana da shekara huɗu.

Sunan surukata aka sa mata, don haka babu mai kiran sunan nan a gidan. Ita tsohuwar, Inna ake ce mata, yarinyar kuma Inna ƙarama. Da tafiya ta yi tafiya bakin mutane ya gaji, aka yar da "ƙaramar", ya zama Inna biyu ke nan a gida ɗaya. Ni kuwa kunya biyu ce a kaina: 'yar fari ce, kuma takwarar surukata. Mu ma 'yan cikin garin Kazaure muna alkunya, amma ta mutanen nan ta fi ƙarfin tamu. Asalinsu Fulani ne, Fulatancin ya tafi ya bar su sai na faɗa da yara, kunyar ce dai ta zauna daram. A gaban manya uwa ba ta ɗaukar ɗan fari, ba ta nemansa, ba ta tambayar ko ya ci abinci. In ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Na koyi abin har na ƙware, ana ma yabona a kai.

Mota biyu muka tashi da su daga Kazaure. Mijina ya ja ƙaramar motarsa da tsohuwa a gaba, yarinyar a cinyarta. Mu mata da sauran yara da kuloli aka loda mu a bas ɗin haya, Baffa yana kujerar gaba kusa da direba. Baffa ƙanin mahaifin mijina ne, shi ne babban gida tun rasuwar wansa, mutum ne da ko tari ya yi sai hira ta tsaya. Kujerata tana bayan tasa daidai, ina kallon ƙeyarsa da hularsa.

A Roni muka tsaya gidan Gwaggo, yayar Baffa, don mu ɗauke ta da mutanen gidanta. Kowa ya sauka, aka dama fura, aka yi sallar azahar. Yara suka bazu a tsakar gida, matan cikinsu duk atamfa iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, in suka juya baya uwar da ta haife su ma sai ta duba sau biyu. A tsakiyar gidan akwai rijiya wadda bakinta bai kai gwiwa ba, an kifa mata wani guntun kwanon rufi. Ruwa ya taso a ciki har ba a buƙatar doguwar igiya. Na hangi tawa tana leƙawa tare da wasu, na so in janye ta, amma Baffa yana zaune a tabarma kusa da wajen. Wata ce ta daka musu tsawa suka watse.

Muna cikin haka gabas ta yi baƙi ƙirin. Direba ya shigo yana cewa in ba mu tashi yanzu ba koramar da ke bayan Gwiwa za ta riga mu. Nan fa aka rikice, wannan na neman takalmi, waccan na neman goyo, wanda ya zo a ƙaramar mota ya faɗa bas, na bas ya faɗa ƙaramar mota. Gwaggo ta ja ƙofar gida ta datse da kwaɗo, ta ƙulle mukullin a bakin mayafinta. Kafin in shiga na ja ƙanwar mijina gefe na yi mata raɗa, "Inna fa?"

"Tana motar Yaya," in ji ta. "Ni na shigar da ita da kaina."

Na shiga na zauna da kwanciyar hankali. Motar mijina ta yi gaba, mu muka bi a hankali saboda nauyi.

Mun bar duwatsun Roni a baya, an fara yayyafi, sai na ji ƙanwar mijin nawa daga kujerar baya tana ba wata labari. Cewa take ƙafar nan ta Inna sai addu'a, yau da ƙyar ta shigar da ita mota, sai da ta ɗaga mata gwiwa da hannu biyu. Ashe tsohuwar take nufi tun ɗazu.

Na waiga kamar mai gyara mayafi, na bi fuskokin yaran da ke cikin bas ɗin ɗaya bayan ɗaya. A dangin nan ba a ƙirga yara, wai ƙirga yana jawo ragi, don haka babu wanda ya san nawa aka ɗebo balle nawa suka rage. Tawa ba ta ciki. Na aika raɗa ta bakin matar da ke kusa da ni, ta bi kujera kujera har baya, amsa ta dawo cewa ai ita ma ƙaramar tana can, a motar ubanta ta zo, ina za ta je. Na gane babu wanda ya gan ta da ido, zato kawai ake yi. Na ciro waya a ƙarƙashin mayafi na kira mijina, babu sabis. Na sake kira, na sake, bai shiga ba.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Direba ya manna fuska a gilashi, mata suna ta salati ƙasa-ƙasa saboda tsawa. Kowa tsoron hanya yake ji, ni kuwa rijiyar nan ce kawai a idona, da guntun kwanon da iska ƙarama ma za ta iya ɗagawa. Ina ta gaya wa kaina yarinya tana cinyar kakarta tana cin gyaɗa, in na tsayar da mota cike da manya a cikin ruwa a kan 'yar fari, aka je aka same ta lafiya, wannan labari zai bi ni har jikokina. Sai wata zuciyar ta ce, in kuma ba ta can fa? Na buɗe baki sau da yawa, in na kalli ƙeyar Baffa sai maganar ta koma. Na ji haushin hular nan tasa a ranar kamar ita ta yi mini laifi.

Bayan Gwiwa muka sauka daga kwalta muka hau jar ƙasa, bas yana rawa yana zamewa. Kafin mu kai korama ruwan sama ya tsagaita, amma ita ta riga ta kawo. Ja wur take, tana tafe da kara da rassan itace, tana wani ruri da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji. Motar mijina ta samu ta haye kafin ruwan ya ƙaru, ga su can a ɗaya gaɓar sun fito suna jiranmu a gindin wata bishiya.

Na riga kowa sauka. Ga tsohuwa da lema, ga mijina, ga yara maza. Akwai yarinya guda mai anko ta juya mana baya, na kafa mata ido ina roƙon Allah, da ta waigo sai na ga ta fi tawa tsawo nesa ba kusa ba. Ƙofofin motar a buɗe suke, babu kowa a ciki.

Na damƙi hannun ƙanwar mijina, ta kalle ni sau ɗaya ta gane. Ta sa hannu a baki ta ƙwala, "Yaya! Inna tana wajenku?" Ya nuna mahaifiyarsa. Ta sake ƙwalawa, ta yi alama da hannu ƙasa-ƙasa wai ƙaramar take nufi, shi kuwa ya ɗauka ruwan take nuna masa. Ya sake nuna tsohuwa, har da dariya, wai ko mun makance ne.

Ban san lokacin da na isa bakin ruwa ba. Na buɗe murya iya ƙarfina na kira sunan, sunan yanka, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Sunan 'yata ne, kuma sunan surukata ne, ga ta tsaye tana kallona. Na ga tsohuwa ta zabura lemar ta karkace. Na ga dariyar mijina ta ɗauke, ya leƙa cikin motar, ya zagaya bayanta, sannan ya ɗora hannu biyu a ka. Ya nufo ruwan zai faɗa, wasu masu babur da ke jira a can suka riƙe shi.

Na juyo ina jiran abin da Baffa zai yi da ni, ko kallona bai yi ba. Ya sa aka sauke mata da yara a wata rumfar masu jiran ruwa, ya ce da direba ya juya. Muka koma mu huɗu, shi da Gwaggo da ni da direba.

Wannan komawar ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Da muka hau kwalta sabis ya dawo, amma wayar Gwaggo ba caji, lambobin maƙwabtanta duk a ciki suke. Ta zauna kusa da ni tana murza mukullin da ke bakin mayafinta, tana magana ita kaɗai. Wai ita ce ta ƙarshe da ta ja ruwan alwala, ta mayar da kwanon kuwa, ko ba ta mayar ba? Ta ce ta mayar, can ta ce a'a kamar jikarta ta sa, can kuma ta ce ba ta tuna ba. Na so in toshe mata baki, Allah ya gani. Baffa yana jan carbi, ina jin ƙarar 'ya'yan carbin suna haɗuwa da sauri fiye da yadda ya saba. Duk kududdufin da muka wuce a bakin hanya sai na runtse ido.

Mun shiga Roni da la'asar sakaliya. Lungun shiru, ruwa na bin kwata, ko kaza babu a waje. Tun daga bakin lungu na kasa kunne ko zan ji kuka, domin kuka nake so in ji, ban ji komai ba. Baffa ya karɓi mukulli daga hannun Gwaggo ya buɗe kwaɗon.

Tsakar gida ta zama tafki. Guntun kwanon yana can jingine da katanga inda iska ta jefa shi, bakin rijiya a buɗe. Na nufi wajen, na tsaya kafin in kai. Baffa ya wuce ni, ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a cikin taɓo ya leƙa. Ya daɗe. Ya ɗauko wata doguwar gora da ke gefe ya zura, ya juya ta a hankali, ya sake juyawa. Ina tsaye ina kallon bayansa.

"Babu komai a nan," in ji shi.

Sai muka ji wata 'yar shessheƙa daga madafi. Yarinyar tana can a lungu bayan tarin itace, inda ta shiga wasan ɓuya barci ya kwashe ta. Ta haɗa kai da gwiwa, ankon ya yi baƙi da toka, ta yi kuka har muryar ta dishe ba ta fita. Ta miƙe ta fito bakin ƙofa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni, ta dubi Baffa, sannan ta nufi Gwaggo, domin a iya saninta ban taɓa buɗe mata hannu a gaban manya ba. Wannan ya fi rijiyar yi mini ciwo. Na tsaya na harɗe hannuwana a ƙirji.

Baffa ya yi gyaran murya. "Yaya," ya ce da Gwaggo, "zo ki nuna mini inda katangar nan take tsagewa."

Gwaggo ta fara cewa ita katangarta lafiya lau take, sai ta kalli fuskarsa ta gane. Ta zare zanenta daga hannun yarinyar a hankali, ta bi shi. Suka je can ƙarshen gida suka juya mana baya, shi da rigarsa duk taɓo, suna nuna bango suna magana ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa na buɗe hannu. Ta ɗan tsaya, ta waiga ta ga ba mai kallo, sannan ta taho. Na ɗauke ta na miƙe, ta cusa fuskarta a wuyana, jikinta sanyi ƙalau. Ta yi nauyi fiye da yadda na san ta.